Amsa: Ƙara yawan eksozom daga ƙwayoyin halitta na tushe

Ɗan'uwa, ka ce kana rainon ƙwayoyin MSC (wani nau'in ƙwayoyin halitta na tushe) amma eksozom ɗin da kake tacewa, wato 'yan ƙananan ƙunshin da ƙwayoyin ke fitarwa, bai taka kara ya karya ba.

Fara da ƙwayoyin kansu. Idan an yi ta raba su zuwa sababbin kwanuka har sun tsufa, abin da suke fitarwa yana rasa inganci. Sannan rainon su a shimfiɗe a gindin kwalba yana taƙaita su. Idan suka dunƙule ƙwallo-ƙwallo, ko aka sa su cikin bayoriyakta (na'urar rainon ƙwayoyi) mai siraran bututu, yawan eksozom yana ƙaruwa sosai. Rage iskar oksijin zuwa kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari ma yana taimakawa.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne ruwan FBS (ruwan jinin tayin saniya da ake ciyar da ƙwayoyin da shi), domin yana ɗauke da eksozom na saniya. Yi amfani da wanda aka tace aka cire masa eksozom. Kada kuma ka matsa wa ƙwayoyin har su mutu, tarkacensu zai ruɗe ka wajen ƙirga. Tabbatar eksozom ne ta hanyar gwada sunadaran da ke alamta shi: CD9, CD63 da CD81.

In amfani da shi a jikin mutum kake nufi, nemi ƙwararru da izinin kwamitin ɗa'a. Tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi kan allurar eksozom marar izini.