Malamina ya ce ba mai ambaton bincike a kan lafiyar jima'in dattawa, in sauya batu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren masu hawan jini da ciwon suga, yanzu kuma ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Na so in yi bincikena a kan lafiyar jima'i ga waɗanda suka haura shekara 50, saboda abin da nake ji daga bakin majinyata idan ɗaki ya rage daga ni sai su. Malamin da ke duba aikina ya buɗe Scopus, rumbun maƙalolin bincike na intanet, a gabana, ya nuna mini aikin da aka yi a ƙasarmu bai taka kara ya karya ba, ɗan wanda aka yi ma sauran masana ba sa ambatonsa a maƙalolinsu. Ya ce da matsala ce ta gaske da tuni masana sun yi rububinta, don haka in koma kan matasa ko haihuwa. Saura wata uku in miƙa tsarin bincikena, ko barci ba na iya yi. Ko dai ni ce na ɗauki abin da zafi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki ki yi barci. Rabin maganar malaminki gaskiya ce: aikin kaɗan ne, ambaton ma kaɗan. Ɗaya rabin kuwa, wai da matsala ce da masana sun yi rububinta, ita ce maganar da ta fi ƙona mini rai a wannan aiki, kuma da wuya mako ya wuce ban ji ta ba, yau daga farfesa, gobe daga jami'in ma'aikatar lafiya, jibi daga ƙaramin likitan da muke zagayen ɗaki tare.

Ki ɗauko rahoton NDHS na 2018, wato binciken al'umma da lafiya na Najeriya, ki duba su wa aka tambaya. Mata daga shekara 15 zuwa 49, maza daga 15 zuwa 59. Na Nijar na 2012 ma haka yake. Babban binciken ƙanjamau na ƙasa, NAIIS, da aka yi a 2018, ya ɗan matsa gaba, amma shi ma a 64 ya ja burki. Adadin yaɗuwar cutar da UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, ta fi yayatawa na 'yan 15 zuwa 49 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tun asali an gina irin binciken NDHS ne don ƙirga haihuwa da tazarar iyali da mutuwar yara. To ɗalibai da malamansu kyauta suke sauke waɗannan alƙaluman, su fitar da maƙala, wannan ya ambaci wancan, wancan ya ambaci wannan, fagen ya yi ta kumbura. Matar da ta cika 50 kuwa, ko ƙofar gidanta mai takardar tambayoyin ya zo, tsallake ta zai yi ya nemi surukarta. Sai a dawo bayan shekara goma a buɗe kwamfuta a ce ai ga shi babu komai a kanta. Ina za a ga abin da ba a tambaya ba?

Inda aka yi tambayar, amsa ta fito. A 2007 Stacy Lindau da abokan aikinta suka wallafa sakamakon hira da mutum 3,005 'yan shekara 57 zuwa 85 a Amurka, a mujallar New England Journal of Medicine. Kashi 73 cikin ɗari na 'yan 57 zuwa 64 suna mu'amalar aure, kashi 53 na 'yan 65 zuwa 74, kashi 26 na 'yan 75 zuwa 85. Kusan rabin masu yin suna da wata matsala da ke damunsu, amma kashi 38 na maza da kashi 22 na mata ne kaɗai suka taɓa tattauna zancen da likita tun da suka cika 50. An ambaci wannan maƙala sau dubbai. A Birtaniya binciken ƙasa a kan jima'i mai suna Natsal, zagayensa na biyu a shekara 44 ya tsaya, sai a zagaye na uku, 2010 zuwa 2012, suka ɗaga zuwa 74. Ke nan su ma sun daɗe suna yin abin da muke yi yanzu.

Kuma ki lura da inda ambato ya fi taruwa a wannan fage. Binciken jihar Massachusetts ta Amurka na 1994 ya ce kashi 52 na maza 'yan 40 zuwa 70 suna da raunin mazakuta, kaɗan ko da yawa. A 1997 aka fito da ma'aunin IIEF, takardar tambayoyi ta auna ƙarfin mazakuta, wanda aka tsara shi tare da gwaje-gwajen sildenafil, sinadarin maganin Viagra, a watan Maris na 1998 kuma Amurka ta amince da Viagra. Daga nan maƙaloli suka yi ta zuba, domin akwai ƙwayar sayarwa, akwai mai biyan kuɗin bincike. Bushewar gaba da zafin saduwa da ke addabar mace bayan ɗaukewar al'ada ba su sami irin wannan gata ba. Yawan ambato yana nuna inda kuɗi da hankalin masana suka karkata. Ko gaskiyar maƙala ma ba ya tabbatarwa: maƙalar Wakefield ta 1998 a kan rigakafin yara, mujallar Lancet da ta buga ta ta janye ta a 2010, amma ba a fasa ambatonta ba.

Da a ɗakin karatu kawai wannan kuskuren yake tsayawa da ban ɗaga murya ba. Gadon asibiti yake bin mu. Akwai wani dattijo da aka turo mini, shekarunsa sun doshi 70, ga farin gemu, ga carbi a hannu, wandonsa ya yi masa yawa har ya ƙara ɗaure shi da igiya. Katinsa ya yi kauri. An yi masa maganin taifot sau uku, na zazzaɓin cizon sauro ban ƙirga ba, an ɗauki hoton ƙirji, an ce tsufa ne. A duk shafukan nan ba wanda ya rubuta gwajin ƙanjamau. Da na tambayi ƙaramin likitan da ya riƙe shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, ai sa'an kakana ne." Gwajin minti ashirin ne ya warware abin da aka shekara ana lalube. Matansa biyu, ɗaya bazawara ce da ya aura shekaru kaɗan da suka wuce, kuma ba wanda ya yi musu zancen gwaji kafin aure, don a ganin mutane wannan na samari da 'yan mata ne. Yaron nan ba mugu ba ne. Littafin da ya karanta da jadawalin da aka nuna masa a aji duk a 49 suka ƙare, sai ya ɗauka cutar ma a nan take tsayawa.

Mu muna jin kunya, mai lasifika a bakin tasha ba ya ji. Shi ne yake kiran abin da sunansa da tsakar rana, ya ce komai basir ne ko sanyi, ya rufe da cewa "binciken masana ya tabbatar". Wane bincike? A wace mujalla? Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin abin da ake sayarwa da sunan haɗin gargajiya. Ke da kike ɓangaren hawan jini kin san abin da zai faru idan mai shan maganin nitrate saboda ciwon ƙirji ya kurɓi irin wannan: jini ya faɗi warwas, wani sai dai a ji salati. Kin kuma san raunin mazakuta sau da yawa shi ne sallamar farko ta ciwon zuciya ko suga, yakan riga su bayyana da 'yan shekaru. Mutumin da ya kamata a auna masa suga, ga shi can yana shan tsimi a jarka. Mata kuma ana ɗura musu kayan matsi a wurin da fatarsa ta riga ta yi siriri, a ƙara rauni a kan rauni. Malaman fiƙihu sun yi bayanin haƙƙin kwanciya dalla-dalla a gaban ɗalibansu, kowa ya san ba kunya a neman sani, sai mu da muka sa farar riga ne za mu ce bakinmu ya yi nauyi?

Batun ƙarin girma kuwa, ba zan yaudare ki ba. Kwamitoci suna duba ma'aunin h, mai auna yawan maƙalolin mutum da yawan ambatonsu, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, suna duba darajar mujalla, duk da sanarwar San Francisco ta 2012 da ta gargaɗi jami'o'i su daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga. Amma ko ta wannan lissafin, maƙala ta ɗari biyar a kan tazarar haihuwa nutsewa take yi a cikin taro, ta farko mai inganci a kan dattawan Arewa kuwa duk wanda ya biyo baya dole ya bi ta kanta. Haka za ki faɗa wa malaminki, cikin ladabi, da rahotannin nan a hannunki kin ja layi a ƙarƙashin shekarun. Ki duba AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, da kundayen digiri na jami'o'i ma, domin Scopus ba ya ɗauke da yawancin mujallunmu. Ki kuma guji masu aiko saƙo su ce ki biya a buga miki cikin mako guda.

Ki ƙuntata batun: masu suga da hawan jini 'yan 50 zuwa sama, a asibiti ɗaya ko biyu. Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji. Ɗa ko jikan da ya yi rakiya ya jira a waje, a rufe ƙofa. Kada ki fassara IIEF kalma da kalma ki miƙa wa dattijo, ki fara gwada tambayoyin a kan mutum goma ki ji da wace kalma suke amsawa. A wurina "mu'amalar aure" da "kwanciyar iyali" sun fi buɗe baki. Zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu kada ki cire su. Idan kin rubuta tsarin ki aiko mini in duba kafin ki kai wa kwamiti.