Me ake nema a majinar jarirai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. A wajen wata bita an ce mana ƙasashe na ɗibar majinar jarirai masu sarƙewar numfashi, a karanta tsarin halittar ƙwayar cutar RSV, a tura sakamakon wani rumbun bayanai na duniya. To ai cutar ba ta da magani takamaimai, oksijin da ruwa kawai muke ba su. Mene ne amfanin wannan wahala?

Amsa: Wa alaikumus salam Sista. Kina da gaskiya ta wani ɓangare. Jaririn da ke gabanki yau, haƙarƙarinsa na lotsawa, hancinsa na buɗewa, ya kasa kama nono, wannan bincike ba zai sauya masa komai ba. Don jariran baɗi da na baɗin baɗaɗa ake yin sa.

Cutar RSV, wadda ke kama hanyoyin numfashi, ba ƙarama ba ce. Ƙiyasin shekarar 2019 ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 33 ne ta sauka musu a ƙirji, miliyan 3.6 aka kwantar a asibiti, wajen 100,000 suka rasu. Fiye da kashi 97 cikin ɗari na mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suka auku.

RSV gida biyu ce, A da B, kuma a bayanta akwai furotin biyu da suka fi damun mu. Na farko G, wanda take manne wa ƙwayoyin hanyar numfashi da shi. Na biyu F, wanda take kutsawa ciki da shi. Kamar ɓarawo ne mai yawan canja riga amma mabuɗinsa ɗaya: G ce rigar, F ne mabuɗin. Da G ake bin sawunta. A 1999 an ga wani nau'in B a Buenos Aires ta Ajantina da ya maimaita haruffa 60 a jerin tsarin halittar G, aka kira shi BA. A 2010 sai ga wani nau'in A a Ontario ta Kanada da ya maimaita haruffa 72, aka sa masa ON1. Zuwa 2012 masu bincike a Kilifi, gaɓar tekun Kenya, sun tsince shi a yaransu, kuma kafin a daɗe ya ture nau'in da ya tarar. Yau zuriyar waɗannan biyu ce ta mamaye duniya. Wato abin da ya ɓulla a wata nahiya, shekara biyu ta ishe shi ya iso wata.

Shi kuwa F bai cika sauyawa ba, shi ya sa duk kariyar da ake da ita shi ta nufa. Akwai nirsevimab, allurar garkuwa da ake yi wa jariri sau ɗaya ta riƙe shi tsawon lokacin cutar, wadda Turai ta amince da ita a 2022, Amurka a 2023. Akwai kuma rigakafin Abrysvo da ake yi wa mai ciki a watannin ƙarshe, garkuwar ta bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan.

Amma F ɗin ma yakan sauya, kuma an taɓa shan kashi a nan. Kamfanin Regeneron ya haɗa wata allurar garkuwa mai suna suptavumab, aka gwada ta a kan bakwaini, a 2017 gwajin ya faɗi. Da aka karanta ƙwayoyin da suka kama yaran, sai aka ga nau'in B da ke yawo ya sauya gurbi biyu kacal a jikin F, daidai wurin da allurar ke kamawa. Shekaru na aiki da dukiya suka tafi a kan gurbi biyu. Don gudun irin haka ne, da Faransa ta fara yi wa jarirai nirsevimab a 2023, aka riƙa karanta ƙwayar waɗanda suka kamu bayan allura. An samu 'yan ƙalilan na gidan B da suka fara kauce mata, ba su da yawa, amma an sa musu ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara gwajin sa ido kan RSV a 2016 a ƙasashe 14, ta ɗora shi a kan tsarin da ta daɗe tana bin mura da shi. GISAID ma, rumbun bayanan ƙwayoyin cuta na duniya, ya buɗe wa RSV sashe a 2021. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin abin da ke cikin rumbun daga ƙasashe masu arziki ya fito. A Afirka, Kenya da Afirka ta Kudu ne suka ɗauki kaso mafi tsoka. Inda yara suka fi mutuwa nan ne aka fi ƙarancin sanin irin ƙwayar da ke yawo, ga shi kuma a 2025 Gavi, ƙungiyar tallafa wa rigakafi ta duniya, ta amince ta tallafa wa ƙasashe da rigakafin masu ciki. In ba a san yadda F yake ba kafin rigakafi ya iso, da me za a gwada bayan ya iso?

Idan aikin ya zo ɗakinku, rabonki a cikinsa babba ne. Ki yi wa uwa bayani, ki nemi yardarta. Tsinken audugar ya shiga can cikin hanci, ba bakin ƙofa ba. Kwalbar ta shiga sanyi nan take, domin zafi na lalata ƙwayar ta kasa karantuwa. A takarda ki rubuta kwanan wata, watannin yaro, ko an sa masa oksijin, da ko shi ko uwarsa sun taɓa karɓar allurar RSV.