Wasan da Na Haɗa Ya Ƙi Ajiye Maki a Kwamfutar Abokina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wani ƙaramin wasa, na ɗaure shi a fakitin .deb don masu Ubuntu. A kwamfutata lafiya lau yake tafiya. Da abokina ya saka a tasa, wasan ya buɗe amma ba ya ajiye maki, sai ya ce "Permission denied". Wani ya ce in buga chmod 777 a kan foldar in huta. In buga?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka buga. Umarnin chmod izinin fayil yake canzawa: a Linux, 4 izinin karantawa ce, 2 ta rubutawa, 1 ta kunnawa, 7 kuwa jimillarsu ce, kuma lambobin uku na mai fayil ne, da rukuninsa, da sauran jama'a. Ka ga 777 na nufin duk wanda ke da shiga kwamfutar zai iya cire wasanka ya sa wata muguwar manhaja a madadinsa. Cire ƙofar ɗaki ke nan don makulli ya ɓace.

Ka ce abokinka ya buga ls -l a inda wasan ya sauka. Ina kyautata zaton ba root, wato asusun da ke da cikakken iko a kwamfutar, zai gani a matsayin mai fayilolin ba. Idan ka ɗaure fakiti da dpkg-deb --build kai tsaye, fayilolin na tafiya da sunanka da lambar asusunka, wadda galibi 1000 ce ga mutum na farko a Ubuntu. A wurinka kai ne mai foldar, shi ya sa makin ke shiga. A kwamfutar abokinka kuwa lambar na iya zama ta wani daban. Sai ka sake ɗaurewa da dpkg-deb --root-owner-group --build, ko ta hanyar manhajar fakeroot mai kwaikwayon root, komai ya koma hannun root. Manhajar da foldoji a ba su 755, hotuna da sautuka 644.

To amma da zarar ka yi haka, kai ma makinka zai daina ajiyuwa, kuma a nan ainihin cutar take: wasan yana rubutu a inda aka girka shi. Ƙarƙashin /usr ba wurin rubutun ɗan wasa ba ne. Ka gyara shi ya riƙa ajiyewa a ~/.local/share, cikin folda mai sunansa, ko inda XDG_DATA_HOME, saitin da ke faɗin wurin ajiye bayanan mai amfani, ya nuna. Ni wannan nake zaɓa.

In kuwa lallai kana son allon maki guda ga duk masu amfani da kwamfutar, akwai tsohuwar hanyar Debian: fayil ɗin maki ya zauna a /var/games a rukunin games da izini 664, manhajar kuma ta zama ta root:games da 2755. Wannan 2 ta farko ita ce setgid, tana sa wasan ya ari ikon rukunin yayin da yake aiki. Sai dai GTK, kayan gina tagogin manhaja, ba ya yarda ya tashi da setgid, in da shi ka gina.

Ka kuma tambayi abokinka ko ya taɓa kunna wasan da sudo, umarnin aron ikon root, don haushi. In ya yi, wataƙila root ya mallake wasu fayiloli a foldarsa ta gida. Ya mayar da su hannunsa da sudo chown -R $USER: sannan cikakken adireshin foldar wasan kaɗai. Ya duba adireshin da kyau kafin ya danna, domin -R na bin duk abin da ke ƙasa, kuma in ya faɗa kan /usr ko /etc, sudo ɗin kansa zai iya daina aiki.