A yanka karanshaf ko a sayi wani?

Tambaya: Ina jan tirotiro, wato motar haya, tsakanin Aboabo da Kejetia a Kumasi. Injina ya fara ƙwanƙwasa, fitilar mai kuma tana kamawa idan ya ɗumama. Da aka sauke shi, sai makanike ya ce mital ya cinye karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin mital ɗin a ƙasan inji. Wasu sun ce in kai Suame Magazine, unguwar masu garaji, a yanka, wato a goge shi da inji a rage kaurinsa, wasu sun ce in sayi na gwanjo. Wanne ya fi?

Amsa: Malam direba, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka fitar da ko sidi ɗaya, ka sa a auna kowane wuyan karanshaf ɗin, wato wurin da mital ke zama, da maikiromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, a gabanka, domin awon ne zai nuna ko akwai sauran ƙarfen da za a yanka. Yawanci ana rage kaurin da milimita 0.25, ko 0.50, ko 0.75, wato abin da masu garaji ke kira 010, 020 da 030, sannan a sa mital mai kaurin da ya dace. Idan ba a taɓa yanka naka ba, kuma zanen da ke jikinsa bai wuce wanda farce ke ɗan kamawa ba, ni dai yankan nake zaɓa, saboda ka san tarihin ƙarfenka, alhali na gwanjo wani lokaci an riga an yanka shi ba a faɗa maka ba.

Amma idan wuyan ya yi shuɗi saboda zafi, ko ya lanƙwashe, ko an ga tsaga a lungun da wuya ya haɗu da kafaɗa, to ka haƙura da shi, don karanshaf mai tsaga yakan karye ya fasa bulok ɗin, wato gangar jikin injin, gaba ɗaya. Haka kuma wasu injinan dizal taurin karanshaf ɗinsu a fatar sama kawai yake, yanka mai zurfi yana cire shi. A duba littafin kamfanin tukuna, a kuma tabbatar ana samun mital ɗin a kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne fitilar man da ka ambata. Mital ba ya ƙonewa haka kawai, yawanci sai mai ya gaza isa wurinsa. A duba famfon mai da rariyarsa, a auna kwanrod ɗin da ya ƙone, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, a wanke ramukan mai da buroshi da iska har garin ƙarfe ya daina fita. Idan wani karanshaf ɗin za ka saya ma, a auna shi kafin ka biya.