Agogon da ke lilo cikin akwati

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai gyaran agogo ne a babbar kasuwar Maradi, wani Alhaji ya kawo mini agogo da ya fito cikin kayan gwanjo daga Kwatano. Cikin akwatin katako yake, rataye a wani zoben tagulla, duk yadda ka karkata akwatin shi fuskarsa na kallon sama. Ba ya tafiya. Wane iri ne, kuma in kwance shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. In dai haka yake, to kronomita ce, agogon jiragen ruwa na da, zoben nan kuwa don kar tangal-tangal ɗin teku ya dame shi.

Da shi matuƙi ke gane inda yake. Duniya na juya digiri 15 a awa ɗaya, wato minti 4 duk digiri, Maradi tana wajen digiri 7 gabas, shi ya sa rana ke tsaka a nan kusan minti 28 kafin Girinwic ta Ingila. To matuƙi sai ya riƙe lokacin Girinwic a agogon nan, rana na kaiwa tsaka ya duba bambancin, shi kenan ya san nisansa gabas ko yamma. Kuskuren minti ɗaya kacal na iya kauce da jirgi kilomita 28 a wajen layin ikwaita da ya raba duniya kudu da arewa, ka ga ai maganar rayuka ce.

A 1714 majalisar Birtaniya ta sa fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar gane nisan jirgi gabas ko yamma a cikin teku. Wani kafinta, John Harrison, shi ya duƙufa, ya gama agogonsa na farko a 1735, na huɗu (H4) a 1759, aka gwada shi a tafiyar Jamaika ta 1761 ya ba kowa mamaki. Wallahi mutumin nan yana burge ni. Daga baya John Arnold da Thomas Earnshaw suka sauƙaƙa ƙirar har aka riƙa yinsu da yawa, kamfanin Hamilton na Amurka ma ya yi dubbai lokacin yaƙin duniya na biyu.

Batun kwancewa kam don Allah ka dakata. Akwai wani siririn ƙarfe a ciki mai sakin haƙoran dabaran ɗaya bayan ɗaya, taɓi kaɗan ya karye, kuma ba a Maradi ba ko Kano da wuya ka samu madadinsa. Kar ka sa masa man keken ɗinki, kar ka juya hannuwansa baya, ka rufe akwatin saboda ƙurar hunturu. Fara duba sunan maƙerin da lambar da ke kan fuskar ka aiko mana da hoto, don akwai na jabu da ake yi don ado kawai.