Kyanwa a gidan mai juna biyu: a kore ta ko a bar ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maiɗakina na da cikin wata uku. Muna da kyanwa saboda ɓeraye, sai aka ce mata a wurin awo kashin kyanwa na cutar da jariri. In rabu da ita in sayi maganin ɓera? Ga kuma kwaɗayin balangu, kusan kullum sai na sayo mata. Daga magidanci a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya raba lafiya. Cutar da ake nufi ita ce toksoplasmosis. Mai ƙoshin lafiya yakan kamu har ya warke bai sani ba. Inda take ta'adi shi ne ga macen da ta kamu karon farko tana da ciki, sai masu raunin garkuwar jiki: mai ƙanjamau da CD4 ɗinsa (adadin ƙwayoyin garkuwar jiki a gwajin jini) ya yi ƙasa da 100, mai karɓar maganin ciwon daji, da wanda aka yi wa dashen ƙoda. A watannin farko na ciki cutar ba ta cika ratsawa ga ɗan tayi ba, amma in ta ratsa ɓarnar ta fi muni: ɓari, taruwar ruwa a kai, ko lalacewar ido.

Ka bar kyanwarka. Ƙwayar da ke cikin kashinta ba ta iya kama mutum sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a ƙasa. Saboda haka ka riƙa kwashewa kullum, kai da kanka, ka wanke hannu da sabulu. Maganin ɓera kuwa a gida mai yara wata fitinar ce.

Ni dai balangun nan ya fi tsaya mini a rai. Ƙwayar na ɓuya a tsokar rago da ta akuya, yaji da gishiri ba su kashe ta, sai wuta. Kafin mai nama ya naɗe maka a takarda, ka ɗauki yanka mafi kauri ka tsaga. In ka ga ja-ja a tsakiya ko ruwan jini, ka ce a mayar wuta, kada ka ji nauyi, kuɗinka ne. Ko ku sayo ɗanye a dafa a gida ya nuna luguf, a wanke wuƙar kafin ta taɓa latas ko tumatir. Kayan lambun fadama a wanke ƙasarsu tas, nonon akuya kuma sai an tafasa.

In maiɗakinka ta ji zazzaɓi da kaluluwa a wuya, kada a tsaya a kemis, ta koma wurin awo ta nemi gwajin jini.