Sau uku ana dawo mini da takardar magani a mako guda

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Dokta. Ni 'yar unguwar Aboabo ce, wata huɗu ke nan da na fara aikin horo a ɗakin yara na wani asibiti a Kumasi. Makon jiya sau uku mai haɗa magani ya dawo mini da takardata. A ta ƙarshe, allurar atesunet (maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani) da na rubuta wa wani yaro ba ta kai adadin da ya kamata ba. Yanzu da na ɗauki biro sai hannuna ya kama rawa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Fara zuwa ki yi wa mai haɗa maganin nan godiya, ya rufa miki asiri.

Ƙananan abubuwan kin san su tun a makaranta. Kada ki rubuta 1.0, domin ɗigon kan ɓace a karanta 10. Ki sa sifili a gaba, 0.5. A insulin ki rubuta kalmar yunit cikakkiya, don harafin U na rikiɗewa ya zama sifili, 10 ta koma 100. Littafin ƙa'idojin jiyya na Ma'aikatar Lafiya kuma a aljihu ake ajiye shi, ba kunya ba ne a buɗe shi a gaban majiyyaci.

Amma ina kyautata zaton ba nan matsalarki take ba. Kin auna yaron kuwa? Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ke nan: a kalli yaro da ido, a tambayi shekarunsa, a ce a ba shi rabin na babba. Wannan lissafin mai tallar magani ne a cikin tortoro (motar haya) ko a bakin kasuwar Kejetia, wanda yake ɓalle ƙwaya da haƙori ya miƙa wa uwa. Ba na likita ba ne. Yara biyu 'yan shekara uku, ɗaya tamowa ta ci shi yana kilo 10, ɗaya kilo 16: na farko ƙwaya ɗaya ta atemeta-lumefantirin (maganin zazzaɓin cizon sauro) zai sha a kowane lokaci, na biyu ƙwaya biyu. Shekarunsu ɗaya! Atesunet kuwa ma juyawa take yi. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 yake bukata a kowane kilo, ba 2.4 na manya ba. Mai kilo 18 zai samu 54. Da lissafin manya 43 za ki ba shi, alhali zazzaɓin ya riga ya taɓa kai. To ina rabin ya shiga nan?

Na san za ki ce sikelin ɗakinku ya lalace, an cike takardar neman sabo tun bara, tana can kan teburin wani tana jiran sa hannu. Na sha ganin haka har na gaji. Ki goya yaron ki kai shi inda ake awon jarirai, ko a auna uwa riƙe da shi, a sake auna ta ita kaɗai, a debe.

Daga gobe, nauyi da ranar awo a saman kowace takarda, sannan miligiram nawa a kilo, sannan jimla, domin nas ta iya bin lissafinki. In ruwan magani ne ki rubuta ƙarfinsa, kamar farasitamol miligiram 120 a mililita 5, kada ki ce "cokali ɗaya". Takardun ukun nan kuma ki kai wa babban likitanku ranar Litinin, ku zauna ku bi su ɗaya bayan ɗaya.